Tayar mota a ƙafar babur: yadda za ka auna maganar kafin ka kashe kuɗinka

A rumfar wani mai faci da ke bakin hanya a Jega ta jihar Kebbi na fara jin wannan muhawara da kunnena, ranar da na tsaya a ƙara wa ƙafar bayan babur ɗina iska ina kan hanyar Aliero. Wani matashi ɗan kabu-kabu ne ya miƙa wa dattijon mai rumfar wayarsa, yana nuna masa bidiyon wani ƙaton babur a Amurka da aka saka wa tayar mota a baya, mai shi yana ta bugun ƙirji cewa ya huta da sayen taya. "Baba, mi ka hana mu yi hakanga?" in ji yaron, domin a cewarsa tayar baya ba ta yi masa ƙarko, kuma duk wadda ya saya sai ta fi ta baya tsada. Dattijon bai ce masa uffan ba. Ya tashi ya jawo tsohuwar tayar mota da tsohuwar tayar babur daga tarin da ke bayan rumfa, ya gangara kowace a kan dandaryar ƙasa a ɗan karkace. Ta babur ta kwanta ta yi baka, ta zagayo kamar mai neman komawa wurin wanda ya sake ta. Ta mota kuwa ta yi tangaɗi sau biyu, ta miƙe a kan faɗinta, ta wuce sak har ta daki turken rumfar. "Ka gani, ɗana? Wagga ba ta san kwana ba."

Wannan ɗan gwaji ya ƙunshi rabin amsar, amma bai kamata a sallami tambayar yaron da dariya ba, domin damuwarsa ta gaskiya ce. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi sahu a Legas a 2008, mafi yawan tayoyin da muke hawa daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala duk inda ta nufa, musamman tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Wanda ke neman abincin iyalinsa a kan ƙafa biyu ba a ga laifinsa ba idan ya tambayi ko akwai tayar da za ta fi daɗewa.

Da farko ya kamata a san inda al'adar ta samo asali, domin bidiyon ba ya faɗa. Masu manyan baburan doguwar tafiya ne a Amurka suka yaɗa ta, suna kiran kansu 'yan ɓangaren duhu, kuma a ƙafar baya kaɗai suke saka tayar motar. Babur ɗin da aka fi yi wa haka shi ne Honda Gold Wing, wanda girman injinsa ya haura cc 1,800, nauyinsa kuma ya kai wajen kilo 400 kafin mutum ya hau. Samfurin da aka yi daga 2001 zuwa 2017 yana zuwa da tayar baya mai lamba 180/60R16, wato mai faɗin milimita 180, a kan rim mai faɗin wajen inci 5. Tayar motar da suke musanya ta da ita galibi 195/55R16 ce, saboda haka bambancin faɗin bai wuce milimita 15 ba. Hujjarsu ita ce tayar motar ta fi araha, tana ninka ta babur daɗewa, kuma tafiyarsu mafi yawa a kan miƙaƙƙun tituna masu santsi take. Masu ƙera tayoyi da masu ƙera babura ba su amince da wannan ba, kuma har a can ɗin ba a daina jayayya a kansa ba. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi a kansa zai ga cewa muhawarar, tun daga tushenta, a kan wani irin babur ake yin ta wanda ba shi ne ke faka a ƙofar gidajenmu ba.

Saboda haka sai ka ɗauko tef ɗin awo ka durƙusa a bayan naka babur ɗin. Idan Boxer ce mai cc 100, za ka ga an rubuta 2.75-17 a tayar gaba da 3.00-17 a ta baya. Idan kuwa irin su Jincheng ne na ƙirar da, sau da yawa 2.50-18 da 2.75-18 za ka tarar. Lambar farko faɗin taya ce da inci, ta biyu kuma girman rim. Inci 3 bai wuce milimita 76 ba, alhali tayar mota mai shiga rim na inci 17 yawanci daga milimita 205 take farawa, wato kusan ninki uku. Auna faɗin rim ɗinka daga ciki, za ka ga bai kai inci 2 ba, ita kuwa tayar motar rim mai faɗin inci 6 ko fiye take bukata. Sannan ka auna tazarar da ke tsakanin rassa biyu na gwafar ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya, ka lura da inda cen ya bi da inda sandar birki ta ratsa. Ba sai an gaya maka ba, babu gurbin da za ta shiga.

A nan ne wasu ke cewa ai mai walda yana nan. Gaskiya ne akwai masu walda a Birnin Kebbi da Yauri da Zuru waɗanda hannunsu ya faɗa, kuma idan ka biya za su yanke gwafar su faɗaɗa ta, su haɗa rim ɗin mota da cibiyar ƙafar babur, su tura haƙoran cen gefe domin cen ya wuce. Amma ka lissafa abin da ka saya da kuɗinka. Ka raunana ƙarfen da dukan nauyin baya ke kansa, ka karkatar da layin cen ta yadda zai riƙa cin haƙoransa yana barazanar zamewa, ka ɗora wa boris nauyin da ba a yi shi dominsa ba, sannan ka bar inji mai ƙarfin doki wajen 8 da juya ƙafar da ta ninka tasa nauyi. Man da zai ƙara sha a wata kaɗai ya isa ya cinye ribar da ake hange, ba a ma zo maganar birkin baya ba, wanda ɗan ƙaramin kwano ne da aka auna domin tsayar da siririyar ƙafa.

Mu ɗauka cewa kai mai babban babur ne, irin waɗanda matasa 'yan kuɗi ke shigowa da su, kuma tayar motar za ta iya shiga. A nan ne ake bukatar fahimtar abin da dattijon Jega ya nuna. Mota tana shan kwana a tsaye, ƙafafunta huɗu suna kan ƙasa, shi ya sa aka yi fuskar tayarta shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, aka bar kuiɓinta da laushi domin ya shanye gargada. Babur kuwa sai ya kwanta yake shan kwana, shi ya sa fuskar tayarsa take da doro kamar bayan ƙwarya, zanen ya gangaro har kusa da kuiɓi, ta yadda duk kwanciyar da ya yi akwai robar da aka tanada ta tari ƙasa. Za ka iya ganin wannan da idonka: jiƙa fuskar tayoyin biyu da ruwa, ka danna kowace a kan busasshen siminti a tsaye, sannan ka sake dannawa a karkace. Sawun tayar babur ba zai canja sosai ba. Na tayar mota kuwa, wanda ya yi faɗi a tsaye, zai koma ɗan siririn layi a kan kafaɗa, kuma idan ka leƙa ƙarƙashi za ka hangi haske ta ɗaya gefen. Masu goyon baya suna cewa idan nauyi ya hau, kuma aka rage iska, robar tana lanƙwasa ta ƙara faɗin sawun, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai wannan lanƙwasar tana faruwa ne a kuiɓi da kafaɗa, inda maƙerin tayar bai tanadi su yi wannan aiki ba, kuma lanƙwasa mai maimaituwa zafi take haifarwa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani, wanda a ganina ya fi komai haɗari, shi ne yadda bakin taya ke zama a kan rim. A cikin bakin kowace taya akwai zoben wayoyin ƙarfe da ba ya miƙewa, kuma shi ne ke riƙe ta idan iska ta cika. Lambar inci da ke jikin rim ɗin mota da ta rim ɗin babur suna iya zama ɗaya a rubuce, amma ƙa'idojin da aka ƙera su a kai daban ne, siffar leɓen rim ɗin da mazaunin bakin tayar ma daban ne. A girman inci 15, alal misali, mazaunin rim ɗin babur ya fi na mota girma da kusan milimita 3. Wanda ke son ya tilasta wa tayar mota ta zauna a kansa dole ya yi ta ɗura iska fiye da kima, alhali masu ƙera tayoyi suna gargaɗin kada awon iska ya wuce PSI 40 wajen zaunar da baki. Idan zoben ya tsinke a wannan lokaci, fuskar mai faci da hannunsa ne ke kusa. Idan kuma bai tsinke ba amma ya ji rauni, sai ya jira ka a kan hanya.

Hanyoyinmu ma suna da tasu hujjar. Su kansu masu yin wannan a Amurka sun yarda cewa shimfiɗaɗɗiyar taya tana bin karkatar ƙasa: idan gefe ɗaya na tayar ya hau tudu, sai ta nemi ta kwanta daidai da shi ta tura babur ɗin ɗaya gefen. A titi mai santsi wannan ɗan abu ne da ake sabawa da shi. To ka kwatanta da hanyar fadama a Argungu ko Suru bayan damina, inda amalanke da tarakta suka bar kwari biyu da tudu a tsakiya, ko gefen kwalta da ruwa ya zaizaye ya bar gaɓa mai tsawon taƙi, wanda dole ka sauka ka hau duk lokacin da tirela ta matse ka. Abin da zan yarda da shi shi ne taya mai faɗi ba ta saurin nutsewa a rairayi idan ana tafiya a miƙe. Amma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, faffaɗar taya da ba ta da isasshen nauyi a kanta ta fi saurin hawa kan ruwa ta rabu da ƙasa. Aliero ta yi suna da albasa da kuma masu ɗori, kuma duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan mai ɗori ya san irin karayar da zamewar ƙafar baya ke jawowa.

Inda shimfiɗaɗɗiyar taya ta dace shi ne abin hawan da ba ya kwanciya. Keke Napep yana tafiya da taya mai lamba 4.00-8, baburan dakon kaya masu ƙafa uku kuma suna amfani da masu girman inci 12 masu kama da na ƙaramar mota, kuma babu mai jayayya da hakan. Idan sana'arka ta kai inda kullum buhu uku ko huɗu kake ɗauka, to mai ƙafa uku kake bukata, ba sabuwar dabarar taya ba.

Yanzu sai mu koma ga ainihin bukatar, wato taya mai ƙarko da jure kaya, kuma wannan a kuiɓin taya ake karanta shi kafin a biya kuɗi. Bayan lambar girma za ka ga wani abu kamar 4PR ko 6PR, wanda ke nuna ƙarfin saƙar da ke cikin robar. Mai ɗaukar kaya da goyo ya nemi 6PR a baya, ko da za ta ɗan fi tsada. Sai kuma lamba biyu da harafi, kamar 50P. Lambar tana nufin iyakar nauyin da tayar za ta ɗauka idan iskarta ta cika: 45 kilo 165 ke nan, 47 kilo 175, 50 kilo 190, 52 kilo 200, 56 kuma kilo 224. Harafin na gudu ne, L kilomita 120 a awa, P kuma 150, kuma wannan ba shi ne damuwarmu ba. Nauyin ne abin lura. Babur mai wajen kilo 110, da direba mai kilo 65, da buhu mai kilo 100 a ɗaure a kan kariya, jimilla kilo 275 ke nan, kuma tun da buhun yana bisa ƙafar baya ko ma ya ɗan zarce ta, kusan dukan nauyinsa ita ke ɗauka. Tayar da aka rubuta wa 50 ta riga ta kai iyakarta da buhu ɗaya. Na biyun da ake ɗorawa a kai shi ne ke cinye tayar, sannan a koma ana zagin mai shago. Idan dole ne a ɗauki kaya mai nauyi, a matso da shi gaba kusa da bayan direba gwargwadon iko, domin ƙafar gaba ta taimaka wajen ɗauka kuma kan babur ɗin ya daina rawa.

Ka nemi alamar M/C ko wani abu da ke nuna ta babur ce, sannan ka nemi lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙira, waɗanda galibi ke cikin wani ɗan zagaye a ƙarshen jerin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana wayar da kai cewa a ɗauki shekara 4 daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, kuma a yankin da zafin bazara ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu wannan ba tsanantawa ba ce. Tayar da ta shekara a rataye a ƙofar shago rana na dukanta ta riga ta fara tsufa ko da ba ta taɓa ƙasa ba. Lanƙwasa kuiɓinta da hannu ka duba ko ƙananan tsage-tsage za su bayyana. Na taɓa sayen wata a wani shago saboda ragin da aka yi mini, zanenta sabo fil, ban duba lambar ba sai bayan da kuiɓinta ya fara tsattsagewa kafin wata uku. Ashe ta girmi babur ɗin da na saka mata. Wannan ma wani abin lura ne ga mai sha'awar tayar mota, domin wadda kuɗinsa zai iya saya 'yar gwanjo ce, kuma tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da dokar Najeriya ta hana shigowa da su, ba don komai ba sai don irin wannan.

Game da ƙara girma, idan littafin babur ɗin bai hana ba, matsawa mataki ɗaya a faɗi abu ne da ake yi, matuƙar rim ya karɓa kuma akwai tazarar yatsa tsakanin taya da cen da gwafa da abin tare taɓo. Amma lambar rim ba a taɓa ta: tayar 17 ba ta hawa rim na 18, ta 18 ba ta zama a kan na 17.

Wajen sakawa, ka tsaya a kan mai faci, kada ka tafi shan shayi. Sabuwar taya da sabon tif ake haɗa ta, domin tsohon ya riga ya buɗe, idan aka cusa shi zai naɗe ya huje daga baya. A duba robar da ke rufe kawunan wayoyin rim, idan ta tsinke a sauya ta, a kankare tsatsa. Idan akwai kibiya a kuiɓin tayar, ta fuskanci inda ƙafar ke juyawa. A ɗan hura wa tif iska kafin a saka shi domin ƙarfen ɓamɓara kada ya cije shi, a shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ba baƙin mai ba, domin mai yana cin roba kuma yana sa taya ta zame a kan rim ta fizge bawul. Bayan an cika iska, ka juya ƙafar a hankali ka bi siririn layin da ke zagaye da bakin tayar: ya kamata tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina, bawul kuma ya tsaya a miƙe. Sannan a daidaita cen, alamomin da ke rassa biyu na gwafar su zo daidai, domin ƙafar da ta karkace tana goge taya ta gefe ɗaya. Sabuwar roba tana da santsi, saboda haka kilomita 150 na farko a bi kwana da birki a hankali.

Abin da ya fi kashe tayoyinmu kuwa, fiye da ramuka da ƙaya, shi ne iska. Mafi yawan ƙananan baburan nan suna son wajen PSI 25 a gaba, 28 a baya idan mutum ɗaya ne, 32 idan da goyo ko kaya, kuma ainihin adadin yana rubuce a littafin babur ko a takardar da aka manna kusa da cen. Matsa taya da yatsa ko buga ta da sifana ba awo ba ne. Ƙaramin geji na aljihu bai kai kuɗin tif ɗaya ba. A auna da safe kafin a hau, sau ɗaya a mako aƙalla. Akwai al'adar rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe, kuma wannan akasin daidai ne, domin tayar da ba ta cika ba ta fi lanƙwasa, ta fi ɗaukar zafi, ta fi cin mai, kuma ita ce ke cije tif idan aka faɗa rami. Idan ka auna da rana tsaka ka ga awon ya ɗan hau, ka bar shi, zai sauka da kansa idan ta huce. Birkin baya da ke riƙewa ko da ba a taka ba, da mataccen shakazoba da ke barin ƙafa tana tsalle, da ɗabi'ar taka birki har ƙafa ta ja a ƙasa a gaban majalisa, kowanne yana rage kwanan taya.

A cikin kwarin zanen akwai wasu ƙananan tudu da aka dasa, ana nuna wurinsu da haruffan TWI ko ɗan alwatika a kafaɗar tayar. Ranar da fuskar tayar ta suɗe ta yi daidai da wannan tudu, ko da a wuri ɗaya ne, to lokacin canji ya yi, kuma idan ta kusa kaiwa ya fi kyau a canja ta a watan Mayu, kafin ruwan farko ya taso da ƙura da man da suka kwanta a kan kwalta tun rani.